Edward Roybal ba baƙo ba ne a Amurka

Da an ce ɗan siyasar Amurka ɗan asalin Meziko ne, sai wasu su ɗauka baƙo ne da ya tsallako iyaka jiya-jiya. Edward Roybal kuwa a birnin Albuquerque na jihar New Mexico aka haife shi a 1916, kakanninsa suna New Mexico tun kafin Amurka ta karɓe yankin daga hannun Meziko a 1848. Iyakar ce ta same su a gida.

Ya faɗi zaɓen kansila a Los Angeles a 1947, amma bai karaya ba. Shi da abokansa suka bi unguwar Boyle Heights gida-gida suna yi wa mutane rajistar zaɓe, ya ci a 1949. Shekara 13 ya yi a kujerar kafin ya wuce Majalisar Wakilai. Abin takaici, bayan tashinsa sai a 1985 wani ɗan asalin Meziko ya sake shiga majalisar birnin.