Gargaɗin ambaliya ya zo, amma ina za mu je?

Na gaji da jin ana cewa "halin mutanenmu ne" duk lokacin da ruwa ya ci gidaje. Da an gama tsamo gawarwaki sai ka ga jami'i ya gyara tsayuwa gaban kyamara yana cewa ai sun yi gargaɗi, jama'a ne masu kunnen ƙashi, sun rungumi ƙaddara sun ƙi tashi. Wallahi raina yana ɓaci in na ji wannan magana, domin na ga irin gargaɗin da ake taƙama da shi.

Saƙo ne ya shigo wayata da tsakar dare: ana hasashen ambaliya, mazauna kusa da ruwa su koma kan tudu. Iyakarsa ke nan. Wane tudu? Wace makaranta aka buɗe mana? Tsohuwar da ba ta iya taka ƙafarta fa, wa zai ɗauke ta? In mun fita, wa zai tsare ɗan abin da muka shekara muna tarawa? Na kira lambar da suka sa a ƙarshen saƙon har sau biyar, tana ta ƙara babu mai ɗagawa. Bayan kwana uku da ruwa ya janye sai ga su da motoci da masu ɗaukar hoto, ana rabon tabarmi ana rubuta sunaye. Kuɗin man da suka ƙona a ranar, da an kashe shi kafin ruwa, da ya kwashe tsofaffi da yara.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Ka ce wa mutum ya haɗa takardunsa da magungunansa a jaka ɗaya ya ajiye kusa da ƙofa, sai ya ce kana yi masa mugun baki. Ka yi maganar yashe magudanar ruwa, a ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. To ai addinin da ake fakewa da shi cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf shekara bakwai ya yi yana tanadi kafin fari ya zo. Lalaci ne kawai muke lulluɓewa da mayafin imani.

Amma abin da ke ƙona min rai shi ne yadda masu iko ke magana kamar hali dutse ne da ba ya motsi. A dubi Bangaladash, ƙasa ce ta talakawa, mafi yawansu Musulmi, masu imani da ƙaddara kamar kowa. A watan Nuwamba na 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin. A 1991 wata ta sake kashe kusan 138,000, kuma mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, saboda sanarwar tana yawo ne inda maza ke taruwa, da yawa daga cikin matan kuma ba su yarda su bar gida ba tare da izinin mazajensu ba, ko su cuɗu da baƙin maza a mafaka. Hukuma ba ta tsaya zagin al'adar ba. Ta gina dubban mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne, ta horar da dubun dubatar masu aikin sa kai daga cikin ƙauyukan, aka shigar da mata da yawa cikinsu don mace ta shiga gida ta fito da 'yar'uwarta. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai ɗari ba. Mutanen nan ba su canja addini ba, aiki aka yi musu.

A tsibirin Simeulue na Indunusiya kakanni ne suka yi aikin. Tun bayan igiyar ruwan da ta hallaka su a 1907 suke rera wa jikoki labarin "smong": in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a ruga kan tudu. Ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da tsunami, wato babbar igiyar teku, ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashe da dama, mutum 7 kacal aka rasa a tsibirin mai sama da mutum 70,000. Japan kuwa tun 1960 ta ware 1 ga Satumba don atisayen bala'i, tunawa da girgizar ƙasar 1923, irin wannan horo ne ya sa a 2011, da tsunami ta afka wa ƙasar, ɗalibai kusan 3,000 na garin Kamaishi suka gudu kan tudu suka tsira, manyansu riƙe da hannun ƙanana.

Mu fa, yaushe aka taɓa tara mu aka gwada mana ko sau ɗaya? Wane yaro aka koya wa a aji inda zai nufa in ruwa ya taso? Wanda bai taɓa nuna maka hanya ba, da wane baki zai ce ka ƙi bin ta? Ku faɗa mana sunan ginin da za mu fake tun kafin hadari ya haɗu, ku yi maganar da harshen da muke ji, ku bi ta bakin mutanen da muka yarda da su, ku sa mutum ya zauna kusa da wayar nan. Wata daminar ta kusa, magudanar tana nan cike da shara yadda ruwan bara ya bar ta, kuma da safen nan na sake gwada lambar, har yanzu babu mai ɗagawa.