Awa shida muna neman ledar ruwa

Wallahi har yanzu in na tuna, zuciyata tafasa take. Da sassafe cikin sanyin hunturun nan ɗan ƙanwata mai shekara huɗu ya ture tukunyar kunu, ta kwararo masa a ƙirji da ciki da hannu guda. Ƙarfe bakwai abin ya faru. Allah Ya sa uwar ba ta bi ta kakarsa ba, mai ihun a fasa ƙwai a shafa manja, ruwan famfo ta yi ta sheƙa masa har muka samu ɗan sahu. Kafin takwas muna asibiti.

Sai a yanki kati, mai kati kuwa bai iso ba. Likita yana zagaye. Nas ta leƙo ta ce, "Malam, ku je ku sayo ruwa da allurar hannu." Ɗakin maganin asibitin babu Ringer's lactate, ruwan da ake ƙara wa mai ƙuna ta jijiya, wai ya ƙare tun makon jiya. Na zaga kemis uku a waje. Na dawo da leda a hannu, aka ce ai jijiyar yaron ta ɓuya, a jira wanda ya iya. To ba dole ta ɓuya ba? Yaro tun safe ruwan jikinsa ke tsiyaya!

Sai ƙarfe ɗaya wani matashin likita ya zo, kuma shi kam Allah Ya saka masa. A bayan katin ya yi lissafi ina tsaye a kansa. Ya ce ƙunar ta ci kashi 20 cikin ɗari na jiki, nauyin yaron kilo 16. Mililita huɗu sau nauyi sau yawan ƙuna, ya tashi 1,280, ban da ruwa mai sukari da ake ƙara wa yara. Rabi, wato 640, dole ya shiga jiki cikin awa takwas na farko, ragowar cikin awa goma sha shida. Abin da ya kashe min jiki shi ne, daga lokacin ƙunar ake ƙirga awa takwas ɗin, ba daga lokacin da ma'aikata suka ga dama ba. Mun cinye shida a layin kati da yawon kemis.

Mu muna kallon fata ne, ashe ɓarnar tana ciki. Babbar ƙuna tana sa jijiyoyi yoyo, jini ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa. Shi ya sa ake auna fitsari kowace awa, yaro mililita ɗaya a kowane kilo, babba rabin haka. A ɗakin nan ko jakar fitsari sai da na sake fita na sayo.

Wannan lissafi tun 1968 Dakta Charles Baxter ya fitar da shi a asibitin Parkland da ke Amurka. Ba na'ura yake nema ba, biro ne da sikeli da ledar ruwa. Bayan abin da muka gani a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, da tankar mai ta ƙone jama'a, a ce ɗakin gaggawa ba shi da kwali guda na ruwa a ajiye? Yaro ɗaya ya gagare ku, ina ga an kawo manya ashirin lokaci guda?

Sai bayan magariba ya yi fitsari, ɗan kaɗan, ja kamar shayi. Uwarsa ta fashe da kuka. A gadon kusa da mu wani tela ne da fetur ɗin janareta ya ƙona, ƙaninsa ya tafi neman ruwa tun la'asar bai dawo ba.