Sanyin da muka zo da shi daga gida

A gida an ɗauki Turai a matsayin inda bangaskiya take mutuwa. Yaro zai tafi karatu Ingila, dattawan ikkilisiya su ɗora masa hannu suna roƙon Allah kada ya yi sanyi a bangaskiya. Tsoron nasu yana da tushe. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. A nan Manchester inda nake zaune, za ka ga tsohon ginin coci da hasumiyarsa an mayar da shi gidajen haya. Abin yana taɓa zuciya.

Amma ni a ganina, da yawa daga cikinmu da suka yi sanyi a nan, da sanyinsu suka sauka daga jirgi. Hidimar gida ce take rufa musu asiri.

Ku tuna yadda mako yake a ikkilisiyarmu ta Kaduna ko Jos ko Kafanchan. Addu'ar safe tun gari bai waye ba, koyon waƙa da yamma, Zumuntar Mata da ankonsu da tulu da kacau-kacau, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai suna shirin fita wa'azi ƙauye. Ka yi fashin Lahadi biyu, sai ga dattijo a ƙofar gida: "Ɗana, lafiya ba mu gan ka ba?" Ina kewar wannan ƙwarai, kuma alheri ne babba. Sai dai a cikin irin wannan cunkoso mutum yana iya shekara ashirin jama'a na ɗauke da shi, bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Ya haddace littafin waƙoƙi, ba ya wasa da zakka, amma har yau ba ya ga maciji da ƙanensa saboda gonar gado. Ba wanda zai ce masa ya tsaya cak, tunda kullum ana ganinsa a layin gaba. Marubucin littafin Ibraniyawa a Littafi Mai Tsarki, a sura 5, ya tsawata wa irin waɗannan: lokaci ya yi da za su koyar da wasu, amma har yanzu madara suke nema, ba su kai ga abinci mai tauri ba.

A nan kuwa ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Yawancin 'yan'uwanmu aikin asibiti ko kula da tsofaffi suke yi, ranar Lahadi ma ana kan aiki. A watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Ka daina zuwa sujada wata uku, babu mai tambaya. Nan ne ake gane wanda ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki shi kaɗai, da wanda sai an buɗe masa.

Na ga masu girma cikin bangaskiya a nan, kuma ba a inda ake zato ba. Akwai wata tsohuwa Baturiya a ƙaramar cocin unguwarmu, inda masu sujada ba sa cika benci huɗu. Tana da ɗan littafin rubutu da ya tsufa, cike da sunayen marasa lafiya da baƙi. Ta tambaye ni sunan mahaifiyata sau ɗaya, ta rubuta, bayan watanni ta tare ni tana cewa yaya ƙafar Mama. Akwai kuma wata 'yar'uwa daga Filato, ma'aikaciyar jinya, da take karanta Zabura a waya lokacin hutun aikin dare, ta kuma yafe wa wadda ta kai ƙararta a kan ƙarya.

Cocinmu na 'yan Najeriya a nan ma ba su tsira ba. Kiɗa na tashi, ɗaki ya cika, amma addu'ar wasu ba ta wuce takardar zama da ƙarin albashi. Roƙon waɗannan ba laifi ba ne, ni ma ina yi. Amma idan shekaru sun shuɗe addu'a ba ta faɗaɗa ta ɗauki maƙwabci ko maƙiyi ba, akwai gyara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da Bulus ya lissafa a Galatiyawa 5, ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamun kai, babu wanda ake aunawa da yawan taro.

Iyayenmu na farko sun san wannan. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan wahalar da su Dakta Miller, Baturen mishan na Zariya, suka sha a kan fassara, manoma da yawa sun zauna ajin karatu da furfurarsu don su karanta da idonsu kafin a yi musu baftisma. Mu da muke da shi a aljihu, sai mu jira Lahadi.

Roƙona ga fastocinmu na ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da Anglikan da sauransu: bayan an ƙirga kawuna da baikon da aka tara a coci, a ware lokaci a zaunar da matasa uku-uku ko huɗu-huɗu, a ba su sura guda su karanta, su faɗi abin da suka gane, a gyara musu. A yi haka tun suna sakandare, kafin ranar da za a raka su filin jirgi.