An Sayar Mini Da Makahon Lensi, An Kuma Haɗa Mini Da Sharri

Yau kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Maganar da wani mai shago ya yaɓa mini ranar Laraba bayan la'asar ce take ta yi mini yawo a ka. Na yi ta ba zuciyata haƙuri, ta ƙi sauka. To bari in amayar da shi a nan, duk wanda aka taɓa cuta a kan guminsa aka kuma hana shi kuka zai gane abin da nake ji.

Sana'ata hoton biki da suna da walima. Shekara 14 ina wannan aiki a cikin garin Sakkwato, da shi nake ciyar da iyalina. Amma abin da raina yake so tun ina yaro tsuntsaye ne. A bakin fadamar Rima na tashi, lokacin da ake jin kukan gauraka da asuba, kirinjijiya kuma su taso garke guda suna fito a sama. Burina in ɗauki abin da ya rage kafin ya ƙare, ko 'ya'yana sa gani. Lensin biki kuwa ba ya wannan aiki. Na yi shekaru ina fama da ɗan lensina mai zuƙo daga milimita 70 zuwa 300: zalɓe yana tsaye a tsakiyar ruwa, ka zuƙo shi har ƙarshe, ya fito kamar ƙwayar gero a kan faifai. Ka ƙara taku biyar, ya buɗe fiffike ya ba ka wuri, don tsuntsun ƙasar nan ya san ɗan Adam da danƙo da tarko, ba ya yarda a matso shi.

Abin da aikin yake so shi ne lensi mai zuƙo nesa, irin 150-600 ɗin nan da Sigma da Tamron suke yi. Nauyinsa ya kusa kilo 2, idan ka ɗaga shi na minti goma sai kafaɗa ta gaya maka. A kan irin kyamarata mai ƙaramin sensa, 600 ɗin yana komawa kamar 900. Rauninsa ɗaya, in ka zuƙo har ƙarshe ƙofar haskensa ba ta wuce f/6.3 (iya girman wannan lamba, iya ƙarancin hasken da ke shiga), saboda haka yana son rana, mu kuwa rana Allah ya hore mana ita. Manyan da ƙwararru suke riƙewa, masu f/4, kuɗin ɗaya ya sayi fili a bayan gari, ban ma sa su a lissafi ba.

Shekara uku ina zubin adashi saboda shi. Duk sanda na kusa kaiwa sai dala ta yi tsalle ta bar ni a baya. Kowa ya san yadda aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati take bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Na haƙura da sabo, na ce ko na hannu ne in dai lafiyayye ne. Na ɗauki kwasar adashi, na sayar da babur ɗina na cika, na kai wa wani mai sayar da kayan hoto naira miliyan 1 da dubu 150, ya ce zai sa a turo daga Legas. Ya rantse mini da Allah kamar sabo ne, wai mai shi bai fi sau biyar ya ɗora shi a kyamara ba.

Ranar da kayan suka iso, sai da yamma lis ya kira ni. Babu wuta, shagon duhu, ana ta kiran sallar magariba, shi kuma yana kaɗa makulli yana cewa in yi sauri. Na ɗora, na ɗauki hoton bakin ƙofa a 150, na duba a ɗan allon kyamara, na ga ba laifi. Na yarda da shi saboda mun yi shekaru muna ciniki, kuma ya kira sunan Allah.

Asabar da asuba ina bakin tafkin Kware. Na durƙusa a bayan ciyawa fiye da awa biyu, sanyi yana ratsa ni, har Allah ya kawo mini dinya guda biyu suka sauka a gabana, hasken safiya yana dukan bayansu. Irin abin da na yi shekara uku ina mafarki. Na zuƙo, na taɓa maɓalli, sai lensi ya fara kai da komo, zuuu gaba, zuuu baya, ya kasa kama ido. Da ƙyar na samu guda bakwai kafin su tashi. Da na buɗe su a kwamfuta, kowanne kamar an shafa masa koko, fari-fari, babu gashin tsuntsu ko ɗaya da ya fito tar.

Ban yi saurin ɗora wa kowa laifi ba, don na san dogon lensi yana da sharuɗɗa. Hazon hunturu yana kashe hoto daga nesa. In rana ta ɗaga, kawalwalniyar da ke tashi daga ƙasa tana narkar da komai, ko lensin miliyan goma ne. Rawar hannu ma a 600 ba ƙaramin abu ba ce, shi ya sa a saurin ɗauka ba na sauka ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa, in tsuntsu yana tashi kuwa sai 1/2000. Saboda haka na cire duk waɗannan daga lissafi. Na manna shafin jarida a bangon tsakar gidanmu da sassafe, na ja baya taku ashirin, na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma don kada hannuna ya taɓa. Na ɗauka a 300, a 400, a 500, a 600, kowanne a f/6.3 da f/8. Lafiyayyen lensi irin wannan, ko ya ɗan yi laushi a 600, in ka rufe shi zuwa f/8 yakan farfaɗo. Nawa bai farfaɗo ba. Gefen hagu ana iya karanta rubutu da ƙyar, gefen dama kuwa baƙaƙen sun narke gaba ɗaya. Wannan alamar gilasan ciki sun goce ne, wato abin ya taɓa faɗuwa. Sai na kashe fitilar ɗaki na haska tocila ta bayansa. Innalillahi. Can ciki, a gilashi na biyu, ga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo, ta ci kusan rabi.

Da wannan na koma shagon ranar Laraba, kwana tara da saye, da lensin a kwalinsa da hotunan jaridar a waya.

Na yi sallama, yana kan waya. Na sake yin sallama, ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Akwai benci a shagon, yaransa biyu da wani abokinsa suna zaune a kai, babu wanda ya matsa. Na tsaya da kwali a hannu har ya gama hirarsa ta ɗaurin auren wani, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya dube ni daga sama zuwa ƙasa.

"Mai hoto, mi ya hwaru kuma?"

Na ce, "Alhaji, lensin nan akwai matsala. Fumfuna ce a ciki, kuma ya taɓa faɗuwa. Ga tocila, don Allah ka duba da idonka."

Bai karɓi tocilar ba. Ya fizgi lensin da hannu ɗaya, ya hura masa iskar baki, ya kama gefen rigarsa ya goge gilashin gaba, rigar da ta sha ƙurar hunturu tun safe. Raina ya yi tsalle, amma na yi shiru. Ya ɗora a wata kyamara, ya auna wani mai kabu-kabu da ke tsaye taku goma daga ƙofa, bai ko zuƙo ba, ya ɗauka, ya juyo mini da allon.

"Ga shi nan. Wanga abu lahiya lau shike. Ko ba ka ga mutum ba?"

Na ce, "Alhaji, a 150 ka ɗauka. Ni saboda 600 na saya. Zuƙo har ƙarshe ka ɗauki allon can na tsallaken titi, mu buɗe a kwamfutarka."

Ya ce kwamfuta ba caji. Na miƙa masa wayata da hotunan jarida, ya ture ta da bayan hannu, ko kallo bai yi ba.

"Kai kak kai shi bakin ruwa. Ruwa ya shige shi, yanzu ka zaka ka ɗora mini."

Jama'a, ku ji fa. Fumfuna tana son laima ta wata da watanni kafin ta yi irin wannan saƙa, shi ya sa take kama kayan da suka daɗe a ajiye a garuruwan bakin teku. A Sakkwato, a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe yake tsagewa, kaushi yake fasa ƙafa, wanki yake bushewa kafin ka gama shanya, a nan ne fumfuna za ta tsiro ta ci rabin gilashi a kwana tara? Na faɗa masa haka, a hankali, da ladabi, don ya girme ni. Sai ya jawo littafin rasit ya dangwala yatsa a ƙasan takardar, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa kayan da aka saya ba a mayarwa.

Na ce, "To rantsuwar da ka yi mini fa?"

Nan ya kwantar da baya a kujera, ya dubi abokinsa, ya ce, "Kai ji mutum. Mutane na neman abin da za su ci, shi shina bin tsuntsaye. Malam, tsuntsu na biyan ka kuɗɗin hoto?"

Yaran suka fashe da dariya. Ɗayansu ban haife shi ba, amma na yi ƙane na uku da shi. Na haɗiye. Da a nan ya tsaya, wallahi da na bar wa Allah. Sai ya rage murya, yadda kowa zai ji, ya ce:

"Ni dai ban san mi kaka nema cikin daji da wanga dogon abu ba, a wanga zamani. Ka tahi duk inda kaka zuwa."

Shagon ya yi tsit. Duk ɗan jihar nan ya san abin da wannan magana take nufi. A ƙasar da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, take sa a rufe mutum da duka kafin a tambayi sunansa, a nan ne wanda ya ci kuɗina zai jefe ni da ita, a gaban mutane, don kawai in ji tsoro in bar masa miliyan ɗaya da ɗoriya. Ya cuce ni a aljihu bai ishe shi ba, sai ya taɓa raina da mutuncin gidanmu. Hannuna yana rawa na mayar da lensin cikin kwali na fito. Ko sallama ban iya yi ba.

Kuma me ya ba shi wannan ƙarfin hali? Ya san babu abin da zai faru. Tun 2019 akwai dokar tarayya da ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya masu aibi, amma tana can a takarda, rasit ɗin mai shago ya fi ta ƙarfi a kasuwa. Talaka ya kai ƙara ina, da wane kuɗin, ya jira shekara nawa? Gyara ma babu. Duk faɗin garin nan na rasa wanda zan miƙa wa wannan lensi ya buɗe ya daidaita gilasansa hankalina a kwance, sai dai in sa shi a mota zuwa Kano ko Legas in yi ta addu'a. Man fetur kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, fita ɗaya bayan gari sai ka yi lissafin cefanen kwana biyu.

Dajin ma an ƙwace mana shi. Madatsar ruwan Goronyo tana nan shimfiɗe, tsuntsayen da suke tsallako Sahara daga Turai suna sauka a fadamunmu duk hunturu, amma wa zai ɗauki kyamara ya nufi gabashin jihar nan da asuba? Isa, Sabon Birni, dajin Gundumi, sunayen da yanzu sai a labarin rasuwa ake jin su. A 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi da dama, mutane suka ga ta kansu. Manomi bai isa gonarsa ba, balle mai hoto. Inda ya rage ana iya zuwa kuma, kowane shinge sai an sauke ka, a juya lensi a leƙa ta gaba a leƙa ta baya, a tambaye ka wa ya aiko ka. Ban ga laifin mai tsaron da yake tsoron ransa ba. Laifin na waɗanda suka bari ƙasa ta lalace har dogon gilashi ya zama abin tuhuma ne, su kuwa masu ɗauke da dogayen bindigogi suna yawo da rana tsaka.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Gauraka ita ce tsuntsuwar da ake kira tambarin Najeriya, yau sai dai ka gan ta a gidan mai kuɗi an karya mata fiffike tana zagaya tsakar gida. Ungulu da ta cika mahauta muna yara, yaushe rabon da ka ga guda? Tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa a duniya, an kashe ta an kai kasuwar masu magani, babu wanda ya ce uffan. Itatuwan da shamuwa take sheƙa a kai farkon damina sun tafi a gawayi. Wanda ya kama tsuntsu ya sayar, ɗan kasuwa ne. Wanda ya harbe ya gasa, gwani ne. Wanda ya sayar da babur ɗinsa don ya adana kamanninsu, shi ne abin dariya a shago, shi ne kuma ake nuna wa yatsa.

Lensin yana nan a kwalinsa a ƙarƙashin gado, na raba shi da sauran kayan aikina don kada fumfunar ta kama su. Saura wata huɗu ina zubin adashin da na riga na kwasa, kuma a ƙafa nake zuwa wuraren biki. Baƙin tsuntsayen nan da zafi ya fara za su juya arewa, bana ma ta wuce ni. Gobe in Allah ya kai mu zan buga hotunan jaridar nan manya-manya, in ɗauki tocilata, in nemi shugaban 'yan kasuwar layin da dattawa biyu daga unguwarmu, mu koma shagon. Kuɗina ina so, amma kafin kuɗin, sai ya maimaita maganar daji a gabansu, ya faɗi abin da yake nufi.