Talotalon da ya ƙi gasuwa a Michigan

A Birmingham ta Ingila aka haife ni, can na girma, kuma har aiki ya kai ni jihar Michigan ta Amurka, a sanina Turawa ba sa damun talotalo sai da Kirsimeti. Sai ga maƙwabcina, wani dattijo mai fara'a, ya gayyace ni bikin Thanksgiving, wato bikin godiya da Amurkawa ke cin talotalo, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Na ce masa ni fa sai naman halal nake ci. Ya ce ai ta kwana gidan sauƙi, ni zan kawo talotalon. Bakina ya riga hankalina amsawa.

Ranar Laraba na tafi Dearborn, garin da Larabawa Musulmi suka cika, inda mahautan halal ba sa wuyar samu. Aka miƙo mini wani jibgegen talotalo, daskararre kamar bulo. Na jefa shi a firij, wai kafin safe ya saki. Ashe mai wannan girman kwana uku ko huɗu yake nema. Gari ya waye yana nan yadda na ajiye shi. Haka na kai shi bahon wanka, ina canza masa ruwa ina lallashinsa, har fatarsa ta yi laushi na ce ya isa.

Na kira Umma a Birmingham.

"Umma, talotalo zan gasa."

"Kai ɗin? Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa ba?"

Da ta gama dariyarta ta ce in shafe shi da man shanu da tafarnuwa, in sa obin a 180, in ba shi awa uku da rabi. Na murza 180, na rufe, na tafi gidan maƙwabci ina taƙama.

A nan ne gizo ke saƙar. Obin ɗin Umma da ma'aunin Selsiyas yake aiki, na Amurka kuwa da Farenhait. 180 ɗinsu bai wuce 82 namu ba, zafin da ko ruwa ba zai tafasa ba. Wajen 350 ya kamata in sa. Har yau dai ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba. Kusan duk duniya ta koma ma'auni ɗaya, su suka toge.

Na tarar da mazan gidan sun zuba wa talabijin ido, ana wasan Detroit Lions, ƙungiyar da ta fara buga wasa a wannan rana tun 1934. Ƙwallon ƙafa suke ce masa, amma da hannu ake rungumar ƙwallon a ruga da gudu. Ni ɗan Aston Villa na zauna ina tafi duk lokacin da na ga an yi tafi. Wasan minti 60 ne, sai da ya ci awa uku.

Teburin kuwa abin kallo. Dankalin Hausa da aka gasa da farar alewa mai laushi a kansa. Kabewar da Umma ke zubawa a miyar taushe, an nuƙe ta da sukari da kirfa ta zama kayan zaƙi. Sai wani jan abu mai tsami da aka zazzago daga gwangwani, ya tsaya cak da siffar gwangwanin, har da zanen jikinsa. An bar fili a tsakiya, ana jiran gwanin Ingila.

Na je na ɗauko shi. Fari fat, ɗumi kawai ya ji. Maƙwabcina ya sa wuƙa, jini ya biyo ta. Aka yi tsit. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai ran ƙarfe, ta zura hannu cikin talotalon ta zaro wata 'yar jaka da hanta da ƙundu a ciki, ta ɗaga kowa ya gani. Ban ma san da ita ba. Ba ta ce mini uffan ba. Ta daddatsa naman, ta ƙara wa obin ɗinta wuta, ta kore ni daga kicin.

Abincin da aka shirya ci da ƙarfe uku sai bayan magariba aka zauna masa. Kafin a taɓa, al'adarsu kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Wata jikanya ta fara da karatun makaranta: yadda mutanen jirgin Mayflower suka baro Ingila a 1620, da yadda ƙabilar Wampanoag ta koya musu noman masara, har suka yi walimar girbi a Plymouth a 1621. Da ta ambaci Ingila duk aka waiwayo ni.

Da aka zo kan tsohuwa, ta gyara tabarau ta ce ita tana godiya da Allah ya raya ta har ta gane abin da ya koro mutanen nan daga Ingila: yunwa ce.

Bana ma sun gayyace ni. An ce in kawo lemon kwalba, kuma kada in buɗe shi sai na iso.