Ƙurar silin da masu gyaran wuta ke shaƙa a Zariya

Duk mai gyaran wuta ya san abin da yake tsoro. Ba ya taɓa waya sai ya ɗora testa, ba ya hawa falwaya sai an tabbatar masa an kashe layi. Amma farar ƙurar nan da ke zubo masa a fuska idan ya kafa diril a tsohon silin na asbesto, zai rataya fanka ko ya zura waya, ba ya ɗaukar ta a bakin komai. Ya kaɗe hula, ya yi tari sau biyu, ya ci gaba da aiki. Wannan ƙurar tana kisa, kuma ya kamata a daina yi mata riƙon sakainar kashi.

Asbesto ma'adini ne mai zare-zare da ake haƙowa daga ƙasa. Wuta ba ta cin sa, lantarki ba ya ratsa shi, ga araha. Shi ya sa aka cuɗa shi da siminti aka yi silin da kwanon rufi da bututu, aka kuma sa shi a kayan lantarki na da, irin allon da ake kafa mita a kai da 'yar shimfiɗar cikin tsofaffin fis. A ƙasashe da dama, da shi aka yi bututun da ake binnewa a zura wayar tarho. A Ostireliya, a 2013, sai da aka tsayar da wani ɓangare na aikin shimfiɗa sabuwar wayar intanet saboda an ci karo da asbesto a tsofaffin ramukan wayar tarho.

Zariya kuwa gari ne na tsofaffin gine-gine. Gidajen ma'aikata a Samaru da Kongo, kwatas na reluwe a Sabon Gari, gidajen GRA, makarantu da ofisoshi, da yawansu an gina su ko an yi musu kwaskwarima a zamanin da silin asbesto ke tashe. Yau su ne ake hudawa. Wannan zai sa sola, wancan zai ɗaura dish, wani zai sake wayarin gida gaba ɗaya.

Muddin silin na nan lafiyarsa ƙalau, da fentinsa, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ɓarnar tana farawa ne idan aka huda, ko aka yanka da giranda, ko aka fasa. Zaren da ke tashi ido ba ya ganin sa, yana daɗewa yana yawo a iskar ɗaki, idan ya shiga huhu kuma jiki ba ya iya narkar da shi. Yana nan har ya haifar da taurin huhu, wanda ke sa mutum haki ko daga alwala ya miƙe, ko ciwon dajin huhu, ko wani daji na fatar da ta lulluɓe huhu wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Idan mutum yana shan taba, haɗarin dajin huhu ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar asbesto a wurin aiki. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999, amma har yanzu yana kashe kusan mutum 5,000 a ƙasar a shekara, kuma masu aikin hannu irin su masu gyaran wuta suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Afirka ta Kudu, wadda ta daɗe tana haƙar sa, ta haramta shi a 2008.

Abin da ya fi damu na shi ne yaran shago. Ciwon nan yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40, ko fiye, kafin ya fito. To wa ake turawa cikin rufi? Yaro ɗan shekara 15 ko 16, saboda shi ne mara nauyi da silin ba zai rufta da shi ba. Oga na ƙasa yana miƙa waya, yaro na sama yana rarrafe cikin zafi da ƙurar shekaru. Ya sauko fari fat, a ba shi tsintsiya ya share garin da ya zubo, ƙura ta sake tashi. Da yamma a saya masa madarar gwangwani wai ta wanke masa ƙirji. Madara ciki take zuwa, ba ta bi ta huhu. Yaron nan, idan Allah ya ba shi tsawon rai, yana da iyali yana tsakiyar ƙarfinsa ciwon zai iya taso masa. A lokacin za a ce tarin fuka ne, a yi ta gwaji ba a ga komai ba, kuma da wuya wani ya tuna ya tambaye shi sana'ar da ya yi yana saurayi.

Wani zai ce talaka mai neman na abinci ina ya ga kuɗin kayan kariya. Gaskiya ne takunkumi mai matatar P3, wato irin wanda ke iya tare zaren asbesto, yana da tsada, kuma hankici ko takunkumin da aka saba da shi lokacin korona ba sa tare wannan zare. Amma rabin kariyar ba ta cin kuɗi. A kashe wuta, a jiƙa wurin da ruwa kafin a huda. A yi amfani da kayan hannu maimakon giranda. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya. Idan akwai hanyar bin bango da waya ba tare da an taɓa silin ba, a bi ta. Kayan aiki kuma kada a kai wa uwargida ta kaɗe ta wanke, domin an sha samun matan ma'aikata sun kamu ta wannan hanya.

Nauyi mafi girma yana kan masu gine-gine. Ido ba ya iya bambance silin mai asbesto da sabon samfurin da babu shi a ciki, sai an kai ɗakin gwaji. Manyan makarantun Zariya suna da masanan da za su iya wannan aiki. Su fara da nasu gidajen, su rubuta inda asbesto yake, a nuna wa duk ɗan kwangila kafin ya ɗora tsani. Kamfanonin wuta da na sadarwa su sa wannan cikin horon ma'aikatansu, har da 'yan kwangilar da suke ɗauka. Ƙungiyar masu gyaran wuta ta ware zama guda, ta gayyato likitan ƙirji daga asibitin koyarwa na Shika ya yi wa ogogi bayani da Hausa, yaransu na zaune suna ji. Tsofaffin ma'aikatan NEPA da NITEL da ke fama da haki ko tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuwa, idan sun je asibiti, su faɗa wa likita aikin da suka yi da shekarun da suka yi a kansa, ko da bai tambaya ba.