Wa ɗan sandan Kano yake jin tsoro?

Duk wanda ya ce maka mutanen Ingila na ƙaunar 'yan sandansu, bai zauna da su ba. A 2021 wani ɗan sandan Landan ya sace Sarah Everard ya kashe ta, a 2023 kuma rahoton binciken da Louise Casey ta jagoranta ya ce wariyar launin fata da raina mata sun yi katutu a rundunar birnin. Mu baƙar fata da ke zaune a nan Ingila mun san irin kallon da ake mana a titi. Duk da haka, in aka fasa wa maƙwabcina mota, waya zai ɗauka ya kira su. A Kano kuwa, in 'yan daba suka ƙwace wa mutum waya a Kurna ko Ɗorayi, abin da za ka ji shi ne "na bar su da Allah".

A cikin wannan magana akwai tawakkali, akwai kuma lissafi. Talaka ya san in ya je caji ofis za a ce ya kawo na takarda, ya kawo na mai. Ga "beli kyauta ne" a bango, amma ɗansa ba zai fito ba sai an ja shi gefe an yi ciniki, ya ciro 'yan kuɗin cefane daga aljihun gaba yana ƙirgawa hannu na rawa. Shi ya sa ya gwammace ya je wurin mai unguwa, ko Hisba, ko 'yan sintiri. Wani lokacin ma jama'a su yanke wa wanda ake zargi hukunci da kansu, abin da ke kwana a raina, domin ba kowa aka yi wa ihun ɓarawo ne ɓarawo ba.

Ban ga alamar ɗan sandan nan Ingila ya fi namu na Kano zuciya ba. Namu ne suka mutu a harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012, su ne ke tsaye a rana da ɗan albashin da bai kai tsakiyar wata. Na nan dai yana da abin tsoro a kusa da shi. In ya kama ka, kana da lauya kyauta, ana naɗar tambayoyin da ya yi maka, yawanci cikin awa 24 sai ya tuhume ka ko ya sake ka, kuma akwai hukuma mai zaman kanta da ke bincikensa. Wanda ya kashe Everard yana kurkuku har ƙarshen ransa.

Namu fa? Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Kwamishinan 'yan sandan Kano da ke Bompai Sufeto Janar yake saurare a Abuja. Mun gani a rikicin masarauta na 2024, gwamna na faɗin wannan, jami'an tsaro na yin wancan, har aka hana hawan Sallah. Mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 an kwashe su zuwa Abuja, suna faɗuwa a kotu a watan Nuwamba, sai da duniya ta yi ca aka sake su. Uwar da ta ga wannan, da wane baki za ka ce mata ta yarda da hukuma?

Da yawa na cewa a ba jihohi 'yan sandansu. Ina tare da su, amma da sharaɗi. Kano ta taɓa yin 'yan sandan gida, 'yan doka na En'e, kuma dattawan jam'iyyar NEPU ba su manta dukan da suka sha a hannunsu ba saboda bin Malam Aminu Kano. In daga Abuja za a mayar da linzamin hannun gwamna kaɗai, ranar zaɓe za mu gane kurenmu. Kafin a ɗinka wa kowa sabon kaki, a fara kafa wurin da mai adaidaita sahu zai kai ƙarar jami'i ba tare da ya san kowa ba, a kuma riƙa sanarwa a rediyo wa aka kora, kuma kan wane laifi.